Shuɗin da Ke Fitowa a Kwamfutar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan kusan laifi ne. Kakanninmu Fulani ne da suka yada zango a wani ƙauye bayan Tsiga, suka ga ƙasar tana ba da dawa da auduga, suka zauna. Fillanci ya gudu daga bakinmu tun zamanin kakana, shanun ma suka ƙare sai na huɗa, amma kunya ta ce ita tana nan daram. Saboda haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Inna ma haka. Da aka yaye ni sai aka kai ni Maska wurin gwaggona, can na yi wayo, da na dawo gida don shiga makaranta kuma na tarar sunana "yaron nan". Da na girma na samu aikin koyar da lissafi a Funtua, sai aka ƙara min matsayi na zama "mutanen Funtua". Ko ni kaɗai na zo a kan babur, sai ka ji Inna daga cikin ɗaki tana cewa, "A kai wa mutanen Funtua fura."

Ba wai ba a sona ba ne. Na san ana sona. Duk kaka buhun masara mafi kyau gidana yake sauka, ba saƙo, ba bayani, mai mota kawai zai ce daga gida ne. Amma mutum yana iya sanin abu ya kuma so ya ji shi da kunnensa. Abin da na so tun ina yaro bai taka kara ya karya ba: in zauna kusa da Baba ya yi hira da ni kamar yadda yake yi da kowa.

Don kuwa Baba mai hira ne. Malamin gona ne ya yi ritaya, kuma har bayan ritayar manoma ba su bar shi ya huta ba. Mutum zai zo da ganyen masara da tsutsa ta ci, ya zauna a zaure, Baba ya juya ganyen ya faɗa masa abin da zai yi, daga nan hira ta ɓarke har a kira azahar. Ƙannena suna shiga turakarsa su fito yadda suka ga dama. Autanmu kuwa har hular Baba yake cirewa ya gwada a kansa. Ni ko in na zo, sai in durƙusa a gefen tabarma, can nesa, in ce, "Baba, kun wuni lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gida?" yana kallon bango. In ce lafiya. Ya ce madalla. Shi ke nan, mun gama. Na sha baro Funtua da magana fal cikina in koma da ita yadda na zo da ita.

Kwamfutar ta shigo ne ta dalilin idonsa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, aka yi aiki a guda, bai samu wani sauƙi sosai ba. Ƙanwata da ke aure a Bakori ce ta faɗa min cewa Baba ya daina iya karanta Alƙur'aninsa, yana buɗewa ya kai shi har hanci ya rufe. Ko wannan ma ta hannun wani na ji, kamar kowane labarin gidanmu. Sai na nemi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Funtua, na sa aka zuba mata Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, irin wanda layi kaɗan ke cika fuska. Akwai sola a gidan, caji ba matsala. Na kai masa na ajiye a gabansa, na nuna masa inda zai danna ta kunnu da inda zai kai 'yar kibiya ya buɗe karatu. Ina nunawa ina miƙa hannu daga nesa kamar mai ba doki ciyawa. Ya ga baƙaƙen, ya karanta aya ɗaya a hankali, ya ce, "Allah ya yi albarka." Na tashi na tafi, na ɗauka an gama.

Bayan 'yan makonni ina zaune a ɗakin malamai ina duba takardun yara, wayata ta yi ƙara. Na duba na ga lambar Baba. Lambar tana wayata tun da ya sayi waya, amma ba ta taɓa fitowa a fuskarta ba. In yana da saƙo, ƙanena yake kira ya ce, "Ka faɗa wa wanka." Saboda haka na tabbata mutuwa aka yi, wani ne ya ɗauki wayarsa zai sanar da ni. Na fita waje na amsa.

Muryarsa ce. Ya yi sallama, na amsa, sai ya ce, "Wani shuɗi ya fito a wannan na'urar taka. Ya rufe komai."

Na san abin. Duk mai irin wannan kwamfutar ya san shi. Kana kunnawa, maimakon ta kai ka inda za ka, sai wani shafi mai shuɗi ya cika fuskar, da Turanci, wai ka zo a kammala shirya na'urarka. Ya jero maka abubuwan da ba ka tambaya ba: ka haɗa da wayarka, ka buɗe kaza, ka ajiye kaza a wurinsu. Akwai babban maɓalli na "ci gaba", wanda in ka danna ka shiga tambayoyi marasa ƙarewa. Akwai kuma ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa, wanda aka ɓoye kamar ana jin kunyarsa, mai cewa a tuna maka nan gaba. In ka danna shi abin ya tafi, ya kwana biyu, ya dawo. Naci gare shi kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha.

Na ce, "Baba, ku duba can ƙasa, akwai wani ɗan rubutu, ku kai kibiyar ku danna."

Ya ce, "Ba na ganin wani rubutu. Bar shi kawai, sai in ka samu sarari."

Ranar Asabar na hau babur. Da na isa, maimakon zaure, sai aka ce Baba yana turaka, in shiga. Rabona da cikin ɗakin nan tun ina ƙarami. Yana zaune a kan darduma, kwamfutar tana kan wani ɗan teburi gajere a gabansa, shuɗin ya cika fuskarta. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya ce, "Daga nan za ka gyara?" Dole na matso. Fuskar kwamfuta ƙarama ce, ba a ganinta sai an zauna gefen mai ita, saboda haka na zauna gefen mahaifina, kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Na ji ƙamshin turarensa da na man zafin da yake shafa wa gwiwa. Na ga bayan hannunsa da kyau, na ga ashe yatsunmu iri ɗaya ne, har karkacewar ɗan ƙaramin.

Aikin bai wuce ƙiftawar ido ba. Na danna, shuɗin ya tafi. Amma ban tashi ba, sai na shiga buɗe wannan ina rufe wancan kamar mai binciken wani ciwo. Shi kuma, idonsa a kan kwamfutar, ya fara magana. Ya ce bana ruwa ya yi gardama da farko, masu gaggawar shuka sun yi asarar iri. Ya ce waken suya ya fara cinye gonakin auduga a yankin nan, yaran yanzu ba su da haƙurin auduga. Ba ni yake kallo ba, kwamfutar yake faɗa wa, ni kuma ina amsa wa kwamfutar. Muna nan har aka kira la'asar, ya ce, "Tashi, kada yamma ta yi maka a hanya." Na hau babur ina murmushi ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe.

Da na koma Funtua na yi abin da kowane mai hankali zai yi: na bincika a waya yadda ake kashe abin gaba ɗaya. Ashe ba wani aiki ba ne. Ka shiga saiti, ka gangara wurin sanarwa, can ƙasa akwai wani ɗan akwati mai alamar maki, wanda ke ba kwamfutar izinin ta riƙa ba ka shawarar kammala shiri. Ka cire makin, shi ke nan. Da Baba ya sake kira na je, na shiga saitin, na kai kibiya kan akwatin. Yana gefena yana ba kwamfutar labarin wani manomi da ya fesa maganin ciyawa a kan tumatirinsa. Na dubi akwatin nan, na janye yatsana, na rufe saitin. Na bar shi da gangan, kuma har yau ban ga dalilin yin nadama ba.

Haka muka shiga wata sabuwar rayuwa. Wayata ta yi ƙara, ya yi sallama, ya ce, "Shuɗin nan ya dawo." In ce, "To, Baba, ina nan zuwa Asabar." Ya ce, "In da sarari." Ba ya ƙara komai. Matata ta fara tsokanata. Ta ce, "Malam, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, shafi ɗaya ya gagare ka? Ka kai ta wurin masu gyara mana." Na ce mata abin yana da wuyar sha'ani. Ta dube ni ta gefen ido ta ci gaba da tankaɗe. Daga baya ita ce ke tuna min, ta ce, "Yau kwana nawa shuɗinku bai zo ba?"

Wani abu da na lura da shi tun da wuri shi ne, Baba ba ya rasa karatunsa. In na bar shi a wata sura, in na dawo sai in ga kwamfutar ta buɗe a can gaba sosai. Wanda shuɗi ya tare wa hanya tun Talata ba zai yi wannan nisa ba. Kuma mutumin nan ya yi shekaru yana rubuta rahoton gona da Turanci, ya san abin da rubutun ke cewa, ya ga inda nake dannawa sau da yawa. Yana wuce abinsa da kansa ya yi karatunsa, in shuɗin ya dawo kusa da ƙarshen mako ya bar shi a fuskar ya ɗauki waya. Na gane, kuma ina jin ya gane na gane.

A zaman nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba. Na ji yadda ya fara aiki da keke, yana zagaya ƙauyuka da irin auduga a bayan sirdi, manoma suna ɓuya don sun ɗauka haraji ya kawo shi. Na ji cewa mahaifinsa bai taɓa cin abinci a gabansa ba, don shi ma ɗan fari ne. Wannan ya faɗe shi a gajarce, ya wuce zuwa maganar taki. Wata rana ya ce wa kwamfutar, "Lokacin da aka kai yaron nan Maska, duk ranar kasuwa sai na bi ta ƙofar gidan. Ba na shiga." Na ci gaba da jan yatsa a kan na'urar, ban san ma abin da nake buɗewa ba. Ni ne yaron nan, ina zaune gefensa da furfura a gemuna.

Ita ma Inna ta samu rabonta. In ina turaka sai ta riƙa wucewa ta bakin ƙofa, ta ɗauki tsintsiya, ta dawo ta ajiye, ta sake zuwa neman wani ludayi da ba ya nan. Ba ta leƙowa. Amma furar da ake kawowa ta ƙara kauri, kuma a kwano ɗaya ake kawo ta, da ludayi biyu.

Abin ya tafi haka har damina ta wuce, rani ya wuce, aka zo Babbar Sallah. Autanmu ya dawo daga kudu inda yake bautar ƙasa, ya yi ƙiba, bakinsa ya ƙara kaifi. Washegarin Sallah muna turaka gaba ɗaya, ana ta kawo soyayyen nama. Da yake akwai mutane, na koma wurina na bakin ƙofa. Auta ya jawo kwamfutar zai nuna wa Baba hotunan garin da yake. Yana kunnawa shuɗin ya fito.

Ya fashe da dariya. Ya ce, "Yaya, wai wannan ne aka ce kana ta zarya a kansa tun bara? Haba Yaya."

Na ce, "Danna na ƙasan kawai, ka bar shi."

Ya ce, "In bar shi ya yi mi? Tsaya ka gani."

Yatsun yaran nan ba sa jiran kowa. Ina kallo ya shiga saiti, ya gangara, ya cire makin, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa don ya burge mu. Ta buɗe tas, ba shuɗi. Ya juya ta wajen Baba ya ce, "Baba, na kashe maka shi har abada. Yaya ya huta da ƙona mai, kai ma ka huta da kira."

Ɗakin ya ɗauki sambarka. Ƙanwata ta ce ai da ma auta ne mai kan boko a gidan nan. Baba ya ɗauki tsinken sakace ya duba shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce, "Allah ya yi albarka." Ni kuwa wallahi ji na yi kamar in tashi in kwaɗa wa yaron nan mari. Amma a kan me? Taimako ya yi. Ya ga wansa yana wahala a hanyar da ba ta da kyau, ya ga tsoho yana fama, ya raba su da matsala. In na ce ya mayar, sai ya ce don me, kuma amsar ba ta faɗuwa a gaban Baba. Shi da yake kwanciya a gadon Baba ya yi waya, ina zai san abin da ya kashe? Na ci naman da ke hannuna ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga ranar wayata ta yi shiru. Nakan duba ta a tsakiyar darasi, abin da nake hana ɗalibai. Asabar ta zo in rasa abin yi, in wanke babur ɗin da ba inda za shi. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, amma gaisuwa ta koma yadda take a da: zaure, gefen tabarma, kun wuni lafiya, ya mutanen gida, madalla. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, na'urar lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya lau, tun da ƙanenka ya gyara." Ya faɗe shi yana kallon bango, ni ma bangon na kalla.

Na yi tunanin in mayar da makin a ɓoye. To amma kwamfutar tana turaka, ni kuma ba na shiga turaka sai an kira ni, kuma babu sauran dalilin kira. Wani zai ce, mahaifinka ne fa, ka shiga kawai ka zauna. Wanda ya faɗi haka ba a gidanmu ya tashi ba. Ni kaina na sha faɗa wa kaina hakan a kan babur, in shirya maganar tsaf tun daga Bakori, in na isa ƙofar gida ƙafata ta kai ni gefen tabarma. Kunyar nan ba a wurinsa kaɗai take ba, an dasa min ita ni ma, ta yi saiwa. Na ji haushinta, na ji haushin kakannin da suka bar mana ita, na ji haushin kaina, amma duk wannan bai matsar da ni taku ɗaya ba.

Sai kuma hanya ta ƙara lalacewa. Aka fara tare mutane a tsakanin ƙauyuka, masu babura suka daina fita in rana ta karkata. Inna ta aiko ƙanwata ta faɗa min cewa mutanen Funtua su daina zuwa haka kawai, sai in da dalili. Na san tsoro ne ya sa ta, kuma da gaskiyarta. Zuwana ya ragu. Damina ta kama, masara ta yi kai, ta yi goyo, labarin gida yana zuwa min ta bakin ƙannena kamar da. Suka ce Baba ba ya jin daɗi sosai, ƙafa ce ke ɗan kumbura, amma da sauƙi. A wurinmu ko mutum yana gargara da sauƙi ake cewa, saboda haka ban san iyakar abin ba. Daga baya na ji shi ya hana a faɗa min, wai kada a tayar wa yaron nan da hankali ya biyo hanya.

Wata Laraba da hantsi, an fara karyar masara, ina tsaye gaban allo wayata ta yi motsi a aljihu. Na duba na ga lambarsa. Na bar alli a kan tebur na fita.

Ya yi sallama. Muryar ta yi ƙasa, yana ja mata numfashi. Ya ce, "Shuɗin nan ya dawo."

Na tsaya a barandar aji. Na san ba zai dawo ba, da idona na ga an cire makin. Na ce, "To, Baba. Ina nan zuwa."

Ya ce, "In da sarari."

Ban jira Asabar ba. Na nemi izini na hau babur a lokacin. Gonaki duk sun cika da masu karya, an tara masara tsibi-tsibi a bakin hanya, ban tsaya gaisa da kowa ba. Da na isa na tarar zauren ba kowa, tabarmar a naɗe a jingine. Inna tana tsakar gida. Ta gan ni, ba ta shige ɗaki ba yadda ta saba, ta dai sunkuyar da kai ta ce wa ƙasa, "Yana ciki."

Yana kwance a kan katifa an tokare masa baya da matasai. Ya rame ƙwarai, wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa kuma sun kumbura har suna sheƙi. Idon da aka yi wa aiki ma ya yi fari. Kwamfutar tana kan ɗan teburinta an rufe ta da wani tsohon rawani, kuma daga ƙurar da ke kan rawanin na san ta daɗe ba a taɓa ta ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya ɗan kauce kaɗan, na gane ba ya ganina.

Ya ce, "Ga ta nan. Duba."

Na jawo teburin kusa da katifar na zauna. Ba caji, sai da na nemo wayar na haɗa da batirin sola, muka jira. Ta kunnu. Ta buɗe tas, ga hoton Alƙur'ani a inda na ajiye masa shi, ba shuɗi, ba komai.

Ya ce, "Ka gan shi?"

Na ce, "Na gan shi, Baba."

Ya ce, "To, yi a hankali."

Na ɗora yatsana ina ja, 'yar kibiya tana yawo a fuskar da ba abin gyara. Hawaye suna zubo min, na bar su, don in na share zai ji motsin. Ya fara magana, yana yi yana hutawa. Ya ce masarar gonar fadama a bari ta ƙara bushewa kafin a karya. Ya ce dawar bana za ta yi kyau in ruwa ya ƙara ko sau ɗaya. Ya ce gwaggona ta Maska ta tsufa, a riƙa leƙa ta. Ya ce auta yaro ne mai kirki, sai dai gaggawa, a riƙa haƙuri da shi. Duk kwamfutar yake faɗa wa, ni kuma ina cewa to. Can sai hannunsa ya sauko daga katifar yana lalube, ya samu gwiwata, ya tsaya a nan. Ban motsa ba, ƙafata ta yi sanyi ta mutu ban gyara zama ba.

Wannan ne zamanmu na ƙarshe. Bai ga yankan dawar ba. Da na dawo bayan kwana biyu da shirin kai shi asibiti a Funtua, ya riga ya daina gane mutane, kuma a makon ya cika. Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma na daina jin ciwon wannan. Abin da ke min ciwo har yanzu watannin nan ne da muka yi muna kallon bango, yana da magana ina da magana, an rasa abin da za a ɗora ta a kai.

A ranar Larabar nan dai muna nan zaune har inuwa ta juya. Inna ta wuce ta bakin ƙofa ta dawo, ta sake wucewa. Na ji ladan yana gyaran murya a masallacin unguwa, na san yanzu Baba zai ce in tashi kada yamma ta yi min a hanya. Har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Ya tafi?"

Na dubi fuskar kwamfutar. Na ce, "Bai tafi ba tukuna, Baba."

Ya ce, "To. Zauna ka gama."